KO CUTA TA ƘARE NE A ƘASAR DAURA?

  

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne halin da asibitocin kuɗi su ke ciki, watau waɗanda ba na Gwamnati ba, waɗanda wani likita ko wani attajiri ya gina da dukiyarsa, ya ɗauki ma'aikata yana biyansu daga abin da majinyata suka kawo. Tun daga shekarar 2023 labarin irin waɗannan asibitoci a ko'ina cikin Nijeriya ya zama ɗaya: masu zuwa sun ragu, gadaje suna kwana ba kowa, abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba. A shekarar 2024 ƙungiyar likitocin da ke da asibitocin kansu ta fito a jaridu ta koka, ta ce da yawa sun rufe ƙofa, waɗanda suka saura kuwa da ƙyar su ke numfashi. Mai asibiti in ya ga haka, abin da ya kan fara kai hannu gare shi shi ne takardar albashi, ya duba wa zai sallama. Ƙasar Daura ba ta da ganuwar da za ta tsare ta daga wannan, gama Nairar da a ke kashewa a Kano da Katsina ita a ke kashewa a nan, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Hujjar mai asibiti hujjar ɗan kasuwa ce, duk wanda ya taɓa zaman rumfa zai gane ta. In ciniki ya ja baya, mai shago ya kan rage yaransa, ya bar ɗaya inda a da biyu ke tsaye. Wannan daidai ne ga mai sayar da yadi, domin wanda bai sayi shadda bana ba sai ya wanke ta bara ya sa, ya je Idi ya komo, ba abin da ya same shi. To, amma wanda zazzaɓi ya kayar, ko matar da haihuwa ta zo mata da gardama, su ba su da ta bara da za su wanke. Saboda haka kafin a yarda da cewa masu bukatar asibiti sun ragu, ya kamata a tsaya a yi tambaya: shin cuta ce ta ragu, ko kuwa masu iya biya ne suka ragu?

Amsar ba ta da nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa wajen rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya su ke. Haka nan cikin matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya a shekarar 2023, fiye da rubu'i a ƙasar nan suka rasu. A nan gida kuwa, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana a watan Yuli na 2025 cewa cikin wata shida na farkon shekarar, yara 652 masu tamowa, watau ciwon yunwa, suka rasu a wuraren jinyarta na Jihar Katsina, ta ce dalili shi ne ba su sami kulawa a kan lokaci ba. Wanda bai yarda da lissafin takarda ba, ya tambayi limamin unguwarsu jana'iza nawa ya kan sallata cikin damina, ko ya tambayi masu haƙar kabari.

Ruwa ba ya tsami banza. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na Gwamnati bai kai Naira 200 ba ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar Amurka da ke wajen Naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce a watan Disamba na 2024 farashin kaya ya ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 bisa ga yadda ya ke shekara guda kafin nan. Mu kuma na bakin iyaka an ƙara mana da namu. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a soma buɗe waɗansu ba sai Disamba 2020. Sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe hanya tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Damagaram har watan Maris na 2024. Fataken da ke bin Kwangwalam da Babban Mutum, da masu dabbobi na kasuwar Mai'aduwa, sun san abin da wannan ya yi wa jarinsu.

Yadda wannan ya isa ƙofar asibiti shi ne, a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mai ciwo ya ke fita, a ranar da ciwon ya zo. Maigida in ya tashi da safe da 'yan kuɗinsa, tiyar gero ce ta farko, in an sami saura sa'an nan a yi zancen wanda ke kwance. Sai ya aiki yaro kemis a sayo ƙwaya biyu ta ciwon kai, ko ya tsai da mai tallar magani a faranti, wanda rana ta riga ta dafa kayansa. A yi kwana uku ana duban sauƙi, a yi mako. Sai ciwo ya ci ƙarfin mutum sa'an nan a sayar da akuya da araha, a ɗauko shi cikin dare, a kai shi sa'ad da likita ba shi da sauran dabara.

Gaskiya ne akwai waɗanda suka koma asibitocin Gwamnati. Daura ta sami asibitin sojan sama wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya buɗe a watan Agusta na 2019, daga baya kuma aka kafa cibiyar lafiya ta tarayya. Wannan alheri ne, wanda ya sami magani can mun taya shi murna. Masu hali kuwa tun da ma Kano su ke nufa, ko Abuja, ko Masar da Indiya. Amma fa ko a asibitin Gwamnati sai an yanki kati, an biya gwaji, an sayi magani. Wanda ba shi da na can ba shi da na nan, yana ɗaki kwance bisa tabarma, ba littafin da sunansa ya shiga. Shi ne mutumin da ya kamata ya kwana a gadon da aka ce ba kowa.

Kada wani ya ɗauka mun ce mai asibiti azzalumi ne. Shi ma wutar da ta ƙone talaka ita ta ƙone shi. Asibiti ba ya zama cikin duhu, gama jini da allurar rigakafi sai da sanyi, ɗakin tiyata sai da fitila. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga masu layin sahun farko daga wajen Naira 68 zuwa 225 kowane awo. A watan Oktoba na shekarar kuma Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, sai janareto, shi kuwa ba ya tashi sai an shayar da shi. Galibin magani, ko kayan haɗa shi, daga Indiya da Sin a ke sayo shi da Dala. Kamfanin GSK na Ingila, bayan fiye da shekara 50 a ƙasar nan, ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina tafiyar da cinikinsa da kansa a Nijeriya, maganin asma da waɗansu magungunan kashe ƙwayar cuta suka yi tashin gwauron zabi. Ladan likita kuwa halal ne, ba shakka. Malamai sun sani, a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, a babin ciniki, inda aka halatta wa malami karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani, nan wurin aka halatta yin sharaɗi da likita a kan warkewa. Malam da likita a layi ɗaya aka ajiye su. Wanda ya ke ganin kuɗin Laraba da na sauka hakki ne, ba zai ce kuɗin likita zalunci ne ba.

Duk da haka, sallamar ma'aikata irin maganin nan ne da ke kwantar da zafi ya bar ciwo yana ci ta ciki. Mai shara da mai gadi da mai wanki da mai yankan kati su a kan fara taɓawa, sa'an nan a kai ga ungozoma da nas da mai gwajin jini. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai bakunan da ke ci daga albashinsa, akwai tsofaffin da ya ke aika wa, akwai bashinsa a kantin unguwa, akwai yaransa a makarantar allo. Ran da aka sallame shi mai kanti ya yi hasarar mai ciniki, malam ya yi hasarar kuɗin Laraba, shi kansa kuma ya shiga sahun waɗanda ba su iya biyan kuɗin asibiti. Can cikin asibitin kuwa, in aka bar nas ɗaya da dare guda, majinyaci ya yi ta kira ba mai amsawa, kashegari labari ya kai zaure da majalisa, har mai kuɗin biya ya canja hanya. Mai asibiti ya duba littafi ya ga masu zuwa sun ƙara raguwa, ya sake ragewa, haka haka har a kai ga kwaɗo a ƙofa.

Gwani kuwa ba ya zaman jiran a sake kiransa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, saura wajen 55,000 ga mutane fiye da miliyan 200, su ma galibi a manyan birane su ke. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Daura tana yaye 'ya'yanmu, in ba inda zai riƙe su a gida sai su bi hanyar Kano da Abuja, mai sa'a ya ƙetare. Annoba kuma ba ta aiko manzo. Sanƙarau na shekarar 1996 ya kashe mutane fiye da 11,000 a ƙasar nan, galibi a Arewa, mashaƙo ya ratsa Kano da Katsina da Yobe a 2023, amai da gudawa kuwa baƙon damina ne da kowa ya sani. Ko a Amurka, cikin watan Afrilu na 2020, da aka ɗage ayyukan da ba na gaggawa ba, mutane kuma suka ƙaurace wa likitoci don tsoron korona, ma'aikatan lafiya miliyan 1.4 suka rasa aiki cikin wata guda. Ba a daɗe ba asibitocinsu suka koma neman masu jinya ruwa a jallo, suna biyan ninki. In haka ta faru ga masu dukiya, ina ga mu?

Saboda haka ga shawararmu ga masu asibiti. Kafin ku kai hannu ga takardar albashi, ku tara ma'aikatanku ku buɗe musu littafi su ga shiga da fita da idonsu. Mutum in ya ga gaskiya ya kan yarda a rage kwanakin aiki a yi karɓa-karɓa, ya fi a ce masa kada ya zo gobe. Ku fara rage rabonku kafin ku taɓa na mai shara. Ku rubuta farashin kowane aiki ku kafa a ƙofa, gama tsoron abin da ba a sani ba ya hana mutane da yawa shiga. Manomin da ke da mai tsaya masa, ku yarda ya biya da kaka. In kuwa sallama ta zama tilas, to, a yi ta bisa ƙa'ida. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashi na 20, ta hukunta cewa in za a rage ma'aikata don aiki ya yi kaɗan, sai a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita tare da duban gwaninta da riƙon amana, kuma a yi iyakar ƙoƙari a daidaita a kan kuɗin sallama. Sashi na 11 ya yanka wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Wannan doka leburori da akawuna ta fi tsarewa, watau masu rauni. Likita da ire-irensa takardar ɗaukarsu ita ce hujjarsu, akwai kuma kotun ma'aikata ga wanda aka zalunta. A shari'a kuwa ijara alkawari ne mai ɗaurewa har wa'adin da aka ambata, ladan da aka riga aka yi wa aiki bashi ne a wuya, jinkirta shi ga mai iko zalunci ne. Abin da mu ke gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne a riƙe albashin bawan Allah wata uku, wata huɗu, har ya gaji ya tafi da kansa, don a huta da biyansa hakkin sallama.

Ku kuma 'yan kasuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kun iya adashi tun kaka da kakanni, kuna yi don aure da suna da ƙarin jari. Me zai hana a yi na lafiya? Ga misali: in mutum 1,000 na kasuwa ɗaya suka riƙa zuba Naira 1,000 kowane wata, an tara miliyan ɗaya a wata, miliyan 12 a shekara. Ba zai ɗauki kowace cuta ba, amma zai ɗauki da yawa daga zazzaɓin yara da awon ciki da haihuwa. A yi yarjejeniya da asibiti a rubuce gaban shaidu, a riƙa ba shi wani abu sananne kowane wata bisa kowane kai, shi kuma ya duba ɗan ƙungiya da iyalinsa a kan cututtukan da aka ambata. Da haka mai ciwo zai zo tun ciwo yana ƙarami, mai asibiti kuma zai san abin da zai shigo masa ƙarshen wata, ya sami ƙarfin riƙe ma'aikatansa. Hanyar ba sabuwa ba ce. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi, Jihar Katsina ma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya. Amma har shekarar 2025 waɗanda suka shiga a ƙasa duka ba su kai ɗaya cikin goma ba. Shugabannin kasuwa su je su tambaya, su ji sharuɗɗa da kunnensu, su komo su gaya wa jama'arsu.

Malamai, ku ne za ku buɗe wannan ƙofa, gama mutane da yawa suna ƙyamar sunan inshora, kuma ba za su matsa ba sai sun ji daga bakinku. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta zauna a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garar, watau rashin sanin abin da aka saya, amma ta halatta ta taimakon juna wadda aka gina bisa kyauta. Ku duba sharuɗɗan da za a rubuta, ku gyara abin da ya karkace. Ku kuma tuna wa attajirai babin waƙafi. Sarki Nuruddini ya gina asibiti a Dimashƙa a shekarar 1154, Sarki Ƙalawun ya gina nasa a Alƙahira a 1284, aka tsayar musu da waƙafi mai kawo kuɗi kowace shekara. Mai ciwo ya shiga a yi masa magani ba a tambaye shi ko anini ba, likitoci da masu jinya kuwa daga waƙafin a ke biyansu, saboda haka talaucin majinyaci bai zama dalilin korar ma'aikaci ba. Shago ɗaya ko gona ɗaya in aka tsayar don gadon haihuwa guda, ladanta na bin mai ita har kabari. Zakka a mazhabarmu ba a gina asibiti da ita, amma hakkin faƙiri ce da miskini da wanda bashi ya kama, wanda jinya ta bari da bashi kuwa yana cikinsu. Sanin magani farilla ce ta kifaya, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki sai da ya wallafa a kan maganin ido da na basir. Alaramma mai almajirai hamsin ko ɗari a tsangaya shi ya fi kowa sanin zafin wannan magana, gama in zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, iyayensa suna nesa, aljihun malam ne ke amsawa. Ya dace a sa wa iyayen yara wani abu sananne da kaka, ko damin gero ne, a ajiye don wannan rana.

Daga ƙarshe muna miƙa kuka ga Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninsa, ya tara hakimai da dagatai da shugabannin kasuwa da malamai da masu asibiti a zauna a kan wannan al'amari. Irin wannan asusu amana ce ke raya shi, rashinta ke kashe shi. Jama'a sun sha zuba kuɗi a tarin da ba su sake jin labarinsa ba, ba kuwa za a zarge su ba in sun yi ɗari-ɗari. A zaɓi ma'aji wanda aka san gidansu, kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata uku, a kuma rubuta shi da ajami da boko a kafa a ƙofar masallacin kasuwa. In Sarki ya sa ido, mai son cin amana zai ji kunya, in bai ji kunya ba zai ji tsoro.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya buɗa wa waɗanda suka rasa aiki wata ƙofa mafi alheri, ya sa albarka a kasuwanninmu da makarantunmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Haza wasalam.